Saniya mai tarin fuka: a yi mata allura, a yanka, a ware, ko a tafasa madara?

A ƙasar Maraɗi shanu ba na makiyayi kaɗai ba ne. Ɗan kasuwa in ya samu riba yakan sayi karsana ya ba Bafulatani amana can wajen Dakwaro. Ma'aikaci yakan ɗaure shanu biyu a bayan gida don yara su sha madara. Ga kuma masu turke da ke ciyar da bijimai don kasuwar Jibiya. Kowanensu akwai ranar da saniya guda za ta soma ramewa alhali tana cin abinci, tana wani busasshen tari da asuba ko in an koro ta daga rijiya. Daga nan shawara ke yawa: wannan ya ce a yi mata allura, wancan ya ce a kai ta kasuwa tun da sauran tsoka, wani ya ce a sa wuƙa. In tarin fuka ne, shawarwarin nan ba ɗaya suke ba. Wata tana ceton kuɗi ta bar cuta a garke, wata tana tsabtace garke ta cinye aljihu, wata kuma ba ruwanta da saniyar sam, amma ita ce ke tsare yaran gida.

Sai dai a fara raba tarin fuka da ciwon huhu, don mutane da yawa suna haɗa su. Ciwon huhu shi ne wanda ma'aikatan kiwo ke zagayawa kowace shekara suna yi wa shanu rigakafinsa. Yana zuwa da zazzaɓi, yana iya kayar da saniya cikin ƴan makonni, kuma ba ya kama mutum. Tarin fukan shanu kuwa ba ya gaggawa. Ƙwayarsa, wadda masana ke kira Mycobacterium bovis, ƴar'uwar ta mutane ce, kuma takan yi watanni har shekaru a jikin saniya ba ta nuna komai ba. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa tari ma, suna nan sumul suna ba da madara. Allurar shekara-shekara ba ta taɓa wannan cuta, saboda haka wanda ya ce "ai an yi musu rigakafi bana" wata magana yake yi daban.

Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan shanun karkarar Torodi, a jihar Tilaberi, ya sami kashi 3.6 cikin 100 ɗauke da ita. Adadin ba ya ba da tsoro, amma na shanun da ke yawo a sarari ne, inda rana ke dukan kashi da majina ta kashe ƙwayar. A inuwa da danshi takan yi watanni da ranta. A Habasha, garkunan madara da ake kullewa cikin rumfa kewayen Addis Ababa sun fi na makiyaya kamuwa nesa ba kusa ba, musamman shanun Turai da ruwa-biyunsu. Wannan ya shafe mu, don kiwon cikin gari sai ƙaruwa yake a Maraɗi da Tasawa, kowa kuma yana neman saniya mai yawan madara ya kulle ta a ƴar rumfa.

Ga mutum, hanya biyu ce. Wanda ya shaƙa, kamar makiyayi mai kwana kusa da shanu ko mahauci mai tsaga huhu, a ƙirji take kama shi. Wanda ya sha a ɗanyar madara kuwa takan sauka a kaluluwar wuya, ko hanji, ko ƙashin baya. Yaro ne za a gani da ƙullutu a wuya wanda ba ya zafi, ya yi wata da watanni, ya fashe yana tsatsafar da ruwa, ana ta shafe-shafe ba ya warkewa, kuma ba wanda ya kawo tarin fuka a rai tunda yaron ba ya tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan 140,000 ne suka kamu da tarin fuka daga dabbobi, 11,400 suka mutu, kuma kaso mafi girma a Afirka yake. Akwai wani ƙarin cikas: cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka, guda, pirazinamid, ba ya cin ƙwayar shanu, haka halittarta take. Inda aka gane ita ce, likitoci kan tsawaita magani daga wata shida zuwa tara. Amma madubin duba kaki da GeneXpert, na'urar gano tarin fuka a asibiti, duk ba sa raba ta da ta mutane.

To, hanyar da aka fi saurin bi ita ce allura, kuma ita ce mafi muni. Kwalaben maganin da ake sayarwa a bakin kowace kasuwar dabbobi ba sa raba saniya da wannan ƙwaya. Abin da sukan yi shi ne su kori wata ƙaramar cuta da ta hau kan babbar, saniya ta ɗan murmure mako biyu, mai ita ya ce ta warke ya mai da ita cikin ƴan'uwanta. Ko da maganin tarin fuka na ainihi za a nemo, sai an ba ta kullum har wata shida ko fiye, gwargwadon nauyinta, kuɗin ya wuce kuɗin saniyar, kuma ba tabbacin ta daina yaɗawa. Wasu kwalaben ma akwai sitireftomisin a ciki, wanda shi ne maganin farko da aka samu na tarin fuka a shekarun 1940. Ba wa ƙwaya magani kaɗan-kaɗan koya mata jure shi ne, kuma ranar da ta shiga jikin mutum da wannan juriya za ta shiga. Ba ƙasar da ta rabu da cutar ta wannan hanya.

Ta biyu ba a faɗarta a fili, amma ita aka fi yi: a kai ta kasuwa. Kuɗi ya dawo aljihu, cuta ta koma garken wani, ko bayan gidan wata Hajiya da ta saye ta don madarar jikoki. Ban da haramcin ɓoye aibi a ciniki, wanda kowa ya sani, mai sayarwar ma bai tsira ba, don saniyar da ta kai ga tari ta riga ta daɗe tana shan ruwa a kwami ɗaya da sauran.

Hanyar da littattafan likitocin dabbobi suka fi yabo ita ce a gwada, wadda ta kamu a yanka. Ga yadda gwajin yake. Likitan dabbobi zai aske wuri biyu a gefen wuyan saniya, ya auna kaurin fatar, ya tsira ɗigon ruwan gwaji cikin fata: ɗaya na ƙwayar shanu, ɗaya na ƙwayar tsuntsaye, wadda ke yawo a ƙasa tana rikita sakamako. Bayan awa 72 ya dawo ya sake awo. In kumburin na shanu ya zarce ɗayan da fiye da milimita 4, ta kamu. Gwajin ba kasafai yake yi wa lafiyayya ƙazafi ba, amma yakan bar mai cuta ta wuce. Ko a Ingila, inda suke yin sa kullum, ana lissafin kusan ɗaya cikin biyar na kuɓucewa. Waɗanda suka fi kuɓucewa kuwa su ne waɗanda cutar ta ci ƙarfinsu, da masu tsananin rama, da waɗanda suka haihu kwanan nan. Wato gwajin ƙarshen rani, lokacin da shanu suka zama ƙashi da fata, shi ne mafi rauni. Bayan kaka ya fi. Kuma sau ɗaya ba ya isa, sai an maimaita bayan wata biyu. Ruwan gwajin yana son sanyi, garken kuma dole ya tsaya wuri guda kwana uku, abin da ba shi da sauƙi ga wanda ke bin ciyawa.

Da wannan hanya Amurka ta fara tun 1917. Ostiraliya ta ɗauki shekara 27, daga 1970 zuwa 1997, kafin ta ce ta rabu da cutar. Amma duba abin da suka jingina da shi: gwamnati na biyan diyyar kowace saniya da aka yanka, kowace dabba na da lamba, ba mai motsa garke sai da takarda. A nan kuwa shanu na hawa arewa da damina su gangaro bayan an cire amfanin gona, suna ƙetare iyaka ta Ɗan Isa su dawo, ana ba da habbanaye, wato aron saniya, daga ruga zuwa ruga. In ka ce wa makiyayi za a gwada shanunsa, wadda ta kumbura a yanka ba diyya, washegari ba za ka tarar da rugar ba. Ko kuma gwajin ya zama hanyar sanin wadda za a fara sayarwa. Saboda haka a matsayin shirin ƙasa, ban ga yadda za ta yi tafiya ba sai an fara ware kuɗin diyya.

A matsayin shawarar mutum ɗaya kan saniya ɗaya kuwa, magana ta sauya, don yanka ba asarar duka ba ce in an kai ta abatuwa inda ake duba nama. Mai duban zai tsaga kaluluwar kai da ta ƙirji, ya lalluba huhu da hanta. Cutar takan fito a ƙulluttai masu ruwan ɗorawa, cikinsu dusƙaƙƙe, in sun tsufa wuƙa na ƙaras-ƙaras kamar ta shiga yashi. In wuri guda ta tsaya, a zubar da wannan sashe a saki sauran nama. In ta bazu ko'ina, duka ake zubarwa, kuma a nan ne jinkiri ke cin mutum: saniyar da aka yanka bana da ƙullutu biyu a huhu, baɗi ƙila ko fatarta kaɗai za a ɗauka. Yankan bayan gari shi ne abin gudu, inda ake kankare ƙulluttan da wuƙa a miƙa huhun ga mai kayan ciki. Naman da ya dahu sosai ba shi ne abin tsoro ba, wuta na kashe ƙwayar. Haɗarin yana kan hannu da hancin mai fiɗa.

Akwai hanya ta tsakiya wadda ba a cika ambata ba, kuma ni ita nake gani ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi: a gwada a ware. Wani likitan dabbobi ɗan Denmak, Bernhard Bang, shi ya tsara ta a shekarun 1890, lokacin da manoman ƙasarsa ba za su iya yanka duk shanun da suka kamu ba. Sai a raba garke biyu. Masu alamar ciwo a fili a yanka su. Waɗanda gwaji ya nuna amma suna da ƙarfi a ajiye su daban, da kwaminsu da makwancinsu. Ɗan maraƙi kusan koyaushe lafiya ake haihuwarsa, a nono da numfashin uwa yake ɗauka, saboda haka a cire shi da wuri a shayar da shi dafaffiyar madara, ya girma cikin garke mai tsabta. Shekara bayan shekara garken masu cuta na raguwa ta hanyar yanka, na masu lafiya na ƙaruwa. Dukiya ba ta zube a rana ɗaya ba.

Wahalarta a fili take. Shanunmu, Azawak ne ko Bororo, galibi ba sa sakin madara sai sun ga ɗan maraƙi a gabansu, raba su kuwa aiki ne. Tana son shinge biyu da mai kula wanda ba zai gaji ya haɗa su da dare ba. Sannan ga rijiya: in garkenka mai tsabta zai sha a kwami ɗaya da garke goma na wasu a kwarin Tarka, warewar ta tsaya a bakin rijiya. Don haka hanya ce ta mai kiwon gida, da mai gonar madara a gefen gari, da ƙungiyar matan da ke tara madara, ba ta mai tafiya mashekari ba. Su waɗannan akwai ƙa'ida guda da ta fi komai sauƙi: duk dabbar da aka sayo, ko aka karɓo habbanaye, ta zauna ita kaɗai har a gwada ta. Awaki ma na kamuwa, raƙuma ma haka, saboda haka jar akuyar da ke cin dusa tare da saniyar tana cikin lissafi.

Rigakafi fa? Abin mamaki, allurar BCG da ake yi wa jarirai a kafaɗa daga ƙwayar shanu aka samo ta. Calmette da Guérin suka raunana ta a Faransa, aka fara ba mutum a 1921. Tana yi wa shanu aiki gwargwado, kuma wani gwaji a Habasha da aka wallafa a 2024 ya nuna tana rage yaɗuwa tsakaninsu sosai. Matsalar ita ce saniyar da aka yi wa takan kumbura a gwajin fata tamkar mai cuta, shi ya sa ƙasashen da ke gwaji da yanka suka hana ta, Ingila kuma tun 2021 take gwada sabon awo da zai raba su. Ga ƙasa irin tamu, da ba ta da kuɗin diyya amma tana da al'adar zagayen rigakafi, nan gaba ƙila ita ce mafita. Yau dai ba abin da za ka je ka saya ba ne, kuma duk wanda ya zo maka da kwalba ya ce rigakafin tarin fukan shanu ce, ka riƙe kuɗinka.

Sai batun namun daji, wanda a Turai ya fi komai tayar da ƙura. A Ingila akwai wata dabba dangin dage da ke ɗauke da cutar. Daga 2013 an kashe fiye da 200,000, har yanzu ana gardamar ko ya yi amfani, don wani babban gwaji tsakanin 1998 da 2005 ya nuna kisan kan tarwatsa waɗanda suka tsira su kai cutar gonakin makwabta. A Niyuzilan kuwa kisan ya yi aiki, saboda dabbar da ke yaɗawa baƙuwa ce da aka shigo da ita daga Ostiraliya don fatarta, ba mai kukanta; garkunan da suka kamu sun sauko daga kusan 1,700 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa ƴan gomomi. A Mishigan ta Amurka barewarsu ce ke ɗauke da cutar, kuma abin da suka hana shi ne zuba musu abinci wuri guda. A Sifen aladun daji ne, a bakin tafkunan da suke sha tare da shanu.

Labarin da ya fi kusa da mu na gandun Kruger ne a Afirka ta Kudu. Can shanu ne suka sa wa ɓauna cutar. Aka gano ta a 1990, daga ɓauna ta shiga zakunan da ke cin su, yanzu ba mai iya fitar da ita. Kibiyar daga gida ta tafi daji. A jihar Maraɗi namun dajin da suka rage ba su da yawan da za su riƙe cuta su dinga mayar wa shanu. Gandun Gadabeji, mai hekta 76,000, yana da barewa, kuma a 2018 aka kawo masa raƙuman dawa takwas daga Kure. Shanu dubbai ne ke kewaye da shi. In akwai mai bukatar kariya a nan, namun dajin ne, ba garke ba. Abin yi shi ne a raba mashaya inda ya yiwu, a binne ko a ƙone huhun da aka zubar maimakon a jefa wa dila da karnuka, mafarauci kuma ya san abin da yake fiɗa. Kashe namun daji da sunan tarin fuka a nan ɓarna ce kawai.

Duk hanyoyin nan saniya suke kallo. Tafasa madara ita kaɗai ce ke kallon yaro. Ba ta warkar da ko saniya ɗaya, ba ta rage cutar a garke, amma tana yanke babbar hanyar da cutar ke bi ta shiga gida. A Birtaniya cikin shekarun 1930, shanun madara kusan 40 cikin 100 na ɗauke da ita, mutum wajen 2,500 na mutuwa duk shekara, da yawansu yara. Dafa madara ne ya karya wannan mace-mace, ga shi har yau ba su gama da cutar a shanunsu ba. Masana'anta na kai madara digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. A gida ba ma'auni, sai a bar ta ta tafasa ta taso, a sauke.

Inda ake ruɗuwa shi ne tsami. Ana cewa nono in ya kwana ya yi tsami, ba cutar da za ta rayu ciki. Wasu ƙwayoyin haka ne, amma ta tarin fuka fatarta mai kitse ce, takan yi kwanaki cikin nono mai tsami. Kindirmon da aka dafa madararsa kafin a kwantar, shi ne mai aminci. Nonon da aka kwantar ɗanye, da man da aka kaɗa daga gare shi, da cuku wanda da ɗanyar madara ake yi a shanya, duk ba su ga wuta ba. Kuma in za a kwantar da dafaffiya, tsohon nonon da za a ɗiga mata ya zama daga dafaffe ne, kada a mayar da abin da aka kora. Uwar gida ba ta rasa bakin tambaya: "Inna, an dafa kafin a kwantar?" Amsar da za ta ji sau da yawa ita ce, "Hajiya, tun kakanni haka muke sha." Gaskiya ne, kuma mai nonon tana da hujjarta: itace na da wuya a daji, tukunya ƙarin aiki ce, masu saye ba sa ƙara ko dala don an dafa. In ana son ta dafa, sai mai saye ya yarda ya biya bambancin, ko ya sayi ɗanyar madarar ya dafa ya kwantar da kansa. Tafasar nan kuma tana kashe cutar da ke sa shanu ɓari, wadda ke ba mutane zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi.

To wa zai ɗauki wanne? Mai shanu a bayan gida: ya tafasa, ya nemi likitan dabbobi ya gwada su, wadda ta kamu kuma ya kai abatuwa, don fili ɗaya da yara ba wurin warewa ba ne. Mai gonar madara a gefen gari: warewa, gwaji duk shekara, da killace sabuwar saye. Mai turken bijimai ya fi kowa sauƙi, tunda ƙarshensu wuƙa ce cikin ƴan watanni. Rumfa mai iska, kada ya haɗa su da shanun tatsa. Alhajin da garkensa ke daji ba zai iya raba rijiya ba, amma zai iya gaya wa mai kiwonsa cewa duk tsohuwar da ke ramewa tana tari a kawo ta gari a yanka, ba za a ɗora masa laifi ba, kuma jarkar madarar da ake aiko wa gida ta bi ta kan wuta.

Makiyayi da mahauci da mai tatsa kuwa, tafasa ba ta kare su daga abin da suke shaƙa. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu, ko yake zufar dare yana ramewa, ya je a duba kakinsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar. Ya gaya wa likita sana'arsa da irin madarar da yake sha, don wannan ne zai sa a lura in magani bai ci yadda ya kamata ba. Yaro mai ƙullutun wuya da ya ƙi tafiya shi ma a kai shi, ko da tabon BCG a kafaɗarsa, don allurar tana tsare shi ne daga munanan nau'o'in cutar, ba duka ba. In kuma mai kiwon ne aka samu da ita, a gwada shanun da yake kwana cikinsu, a duba mutanen rugar gaba ɗaya.